Wa Ya Yi wa Tsirran Akwatin Kifina Aski?

Zuwa ga sanyin idanuna, fitilar ɗakina, matata ta kaina,

Ya ke wadda murmushinta ya fi hantsi kyau idan ya ratso labule ya sauka a kan ruwa, ya ke mai tafiyar natsuwa irin ta ganyen da ruwa ke kaɗawa a hankali, ya ke wadda ko fushi take yi sai na saci kallonta, ina yi miki sallama irin ta mai laifin da bai gama yarda cewa shi ne mai laifin ba. Ina fata kin tashi lafiya a gidan Yaya, yayarki, ina fata ciwon kan nan da ke kama ki idan kin yi kuka ya sake ki. Ni dai ga ni nan, in har ana kiran wannan zaman da nake yi zama.

Yau kwana huɗu ke nan da kika saɓi jakarki kika bar mini gidan nan. Jiya na yi ta maza na je gidan Yaya. A bakin ƙofa ta tare ni, ko takalmi ba ta bari na cire ba. Ta ce ba kya son ganina, ta ce bakina ba shi da linzami, in ina da abin faɗi in zuba shi a takarda, tunda takarda ba ta iya ɗaga wa mutum murya. Har na juya ta kira ni, ta ƙara da cewa ranar Asabar za ta turo mota a ɗauki keken ɗinkinki. Nan na gane abin da ake nufi. Na san ki sarai. Kayan sawa da kwanuka kina iya barinsu su shekara a wani wuri ko a jikinki, amma ranar da keken nan ya sauka daga benen nan, ke ma kin sauka ke nan, ba kuma za ki sake hawowa ba. Yau Alhamis. Shi ya sa na buga waya asibitin haƙori da bankin da nake duba wa akwatunan kifi na ce su yi haƙuri da ni yau, na jawo kujerarki ta ɗinki, na zauna da biro da takarda. Keken yana damata a lulluɓe da zanen da kika rufe shi da shi, akwatin kifinmu na gilashi yana gabana, matatar ruwa tana ta zuba ita kaɗai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, abar ƙaunata. Yaya ban haƙuri take jira, kuma zan ba da shi har ta gaji da ji. Amma akwai tambaya a maƙogwarona, ta ƙi wucewa, ta ƙi fitowa da daɗi. Ina son ki son da ke hana ni cin abinci, ina kuma zarginki zargin da ke hana ni shan ruwa, kuma duk a ƙirji ɗaya suke zaune suna ture juna. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? A ɗakin jira na asibitin haƙori ne, kumatunki na hagu ya kumbura kin dafe shi da gefen mayafi. Ni ina kan ƙaramin tsani, na naɗe hannun riga har kafaɗa, hannuna tsundum a ruwa ina yi wa tsirran baya na akwatin kifinsu aski. Dogo, abokin sana'ata na lokacin, yana ƙasa riƙe da tiyo da bokiti. Duk mutanen ɗakin kifi suke kallo, ke kaɗai almakashina kike kallo. Da na sauko kika ce mini, da rabin baki saboda haƙorin, wai yankana a karkace yake, da yadin mutane ne da an jefo mini shi a fuska. Na tsaya ina bayani, wai ciyawa ba riga ba ce, a rafi ba wanda ke yi mata awo. Kika yi dariya, haƙorin ya soke ki, hawaye ya zubo, kika ci gaba da dariyarki a haka. A wurin na faɗa, kuma har yau ban fito ba. Sai dai ki tuna da abin da ni ban taɓa mantawa ba: Dogo ne ya riga ni yi miki magana. Shi ya bi ki har bakin titi ya tsayar miki da mota. Sau biyu ya je gidanku kafin ki ce ni kike so. Daga nan muka raba tiyo da bokitai, ya buɗe shagonsa a bayan tasha, ni na ci gaba da zagayen ofisoshi, in mun haɗu a hanya sai dai ɗaga hannu daga nesa.

Shekara shida akwatin nan yana falonmu, taku uku daga kekenki, ba ki taɓa tsoma ko yatsa a ciki ba. Talabijin ɗina kike kiransa. Duk ranar Lahadi ina aski ina surutuna ni kaɗai, ke kina taka keke, ko ɗago kai ba kya yi. Kin ce ruwan yana ƙarni, kin ce katantanwar ciki tana sa tsigar jikinki tashi. Shi ya sa da aikin otal ɗin nan ya kai ni wani gari na mako shida, abu biyu kawai na bar miki: abincin kifi da safe, iya abin da yatsu biyu suka tsunkuno, sai fitila, a kunna ƙarfe goma a kashe ƙarfe shida. Na ce taki da almakashi kada ki taɓa, in tsirran sun yi daji su yi, in na dawo zan gyara. Na kuma ja layi da biro a jikin kwalbar takin, daidai inda ruwan ya tsaya. Kada ki ce don ke na ja shi, haka nake yi a ko'ina, har a banki.

A motar dawowa ina ta hasko abin da zan tarar. Tsirrai sun kai saman ruwa sun kwanta sun tare haske, na ƙasa sun zubar da ganye, gansakuka ta rufe gilashi ruf. Wallahi har daɗi nake ji, domin akwai abin da ke jirana wanda ba mai iya yinsa sai ni. Ke kika buɗe mini ƙofa, kin sa turaren nan da na fi so, ko jakata ba ki bari na ajiye ba kika ja hannuna zuwa falo. Me zan gani? Gilashi tas kamar babu shi. Ruwa garai-garai. Tsirran baya an yi musu aski layi guda cak daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba wadda ta ɗara 'yar'uwarta da ko faɗin farce. Abin da aka yanko an sake dasa shi a sahun gaba, a jere reras. A tsakiya kuma, bayan itacen nan da ke kwance a yashi, ga jar ciyawa, ja wur, tana rangaji a gaban matata.

Ki tsaya in gaya miki abin da idona ya gani, hasken raina, sannan ki faɗa mini ko akwai namijin da zai gani ya yi shiru. Wannan layin dai, a garin nan mutum ɗaya na sani da ke yanka tsirrai kamar an ɗora musu rula, kuma shekara uku muna faɗa da shi a kan haka, domin ni tudu da kwari nake bari. Na ɗauko kwalbar taki na ɗaga ta a haske. Ta sauka ƙasa da layina, amma ba saukar ganganci ba. Wanda bai sani ba tuttula taki yake yi yana ganin alheri yake yi, bayan kwana biyar ruwa ya koma kore shar, gansakuka ta nannaɗe ganye kamar gashi a tsintsiya. Wannan kuwa da sirinji aka auna shi. Na yi lissafi na ga bai kai na mako shida cikakke ba, wato wanda ya zuba ya san cewa bayan babban aski rage taki ake yi, tunda ganyen da za su sha sun ragu, abin da ya yi saura kuma gansakuka ce za ta cinye ta yi ƙiba. Wa ya san wannan? Na taɓa zaunar da ke na koya miki? Na tona gindin tsiro mai faɗin ganyen nan da hantsaki, na tarar da ƙwayar taki a binne zurfin yatsa, ba a manne da saiwa ba, an ɗan matsar da ita gefe yadda ba za ta ƙona ta ba. Tsofaffin ganyenta daga can tushe aka cire su, ba a tsinke a tsakiya an bar kututture ya ruɓe ba. Almakashina mai lanƙwasar baki a goge yake, a bushe, a rataye, amma a ƙusa ta biyu, ni kuwa a ta farko nake rataye shi.

Sai jar ciyawar, wadda ita ce ta tsaya mini a rai kamar ƙaya. Duk garin nan a shago ɗaya ake samunta, domin mutum ɗaya ne ya iya rainonta ba ta koɗe ta koma ruwan ƙasa ba. Ba ni na kawo ta ba, kuma ba ta da ƙafar hawa bene.

Kin san abin da ya biyo baya, amma bari in rubuta shi don kada ki ce na ɓoye nawa. Na juyo na tambaye ki wa ya shigo mini gida. Kika ce ba ki gane ba. Na ce sau nawa Dogo ya hawo benen nan, a wace kujera ya zauna, wa ya miƙa masa tawul da ya fito da hannunsa daga ruwa. Murmushin ya bushe a fuskarki ina kallo. Kika ce, «Ni na yi.» Na yi dariya, dariyar da har yanzu nake jin ƙararta a kunnena, na ce kada ki raina mini hankali, ke da ko katantanwa ba kya iya kallo. Na tambaye ki jar ciyawar, kika ce a shagonsa kika saya, ba ki ko ɓoye ba. Sai na tsoma hannu da rigata da agogona da komai, na tumɓuke ta duka na watsa a bokiti, ruwan ya dagule, kifayen suka watse suka ɓuya a bayan itace. Da na waiwayo kina ɗaura mayafi.

Kwana huɗun nan na zama ɗan sanda a cikin gidana. Na ƙirga kofuna. Na ɗaga tabarmar bakin ƙofa na duba ƙasanta, ban ma san me nake nema ba. Tawul ɗin da nake goge hannu na same shi a wanke a ninke, na tsaya ina tambayar kaina me ya sa aka wanke shi. In ke ce kika yi, rabin raina, me ya hana ki gaya mini a waya, alhali kullum da yamma muna magana har katin ya ƙare? Me ya sa sau biyu kika tambaye ni ranar dawowata, har kina cewa in tabbatar miki, kada in zo kafin ranar? Wace mace ce ke roƙon mijinta kada ya dawo da wuri? Wata Talata kuma ina can wurin aikin, da na kira ki tun ƙarfe biyu har ƙarfe biyar ba ki ɗauka ba, daga baya kika ce hannunki ne ba ya sake, da me ya cika? Na san ɗinkinki, ko wuyan riga kike haɗawa kina maƙale waya a kafaɗa ki amsa mini. Ina jera waɗannan abubuwa ina rushewa, ina sake jerawa, kullum kuma wuri ɗaya suke kai ni, bayan tasha.

Ban ce kin ci amanata ba. Allah ya tsare bakina da biron nan daga wannan kalma. Wataƙila tsirran ne suka yi daji kika tsorata, kika ga kifin suna haki a saman ruwa, kika rasa wanda za ki kira sai shi. In haka ne ki gaya mini, zan haɗiye ko da zai yanke mini maƙogwaro. Amma ki sani ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Akwatin nan shi ne abu ɗaya da na gina da hannuna ba don maigida ko manaja ba, kowane dutse na san inda na tsinto shi, kowane tsiro na san ranar da ya fara toho. In tuna cewa wancan dogon hannun ya shiga cikinsa har kafaɗa, yana gyara abin da na yi, yana nuna miki yadda ake yanka a miƙe, ke kuma kina tsaye kina gani, ke da tun ranar farko kika ce yankana a karkace yake, wannan tunanin shi ke ƙona ni. Kin tsaya kina kallon almakashinsa yadda kika kalli nawa?

Gidan nan ba ke, ya ke sanyin safiyata, kango ne mai fitila. Da safe na zuba shayi kofi biyu, na tuna, na mayar da ɗaya. Ba ƙarar keke, ba mai ce mini in kwashe bokitaina daga hanya, ba mai tsawata mini in na goge hannu a labule. Guntayen yadi suna nan a ƙasan tebur yadda kika bar su, na kasa sharewa. Ina kewar muryarki kamar yadda ƙasa ke kewar ruwan farko, ina kewar faɗanki ma, wanda da nake gudu. Ashe har shirunki na da da na yanzu ba ɗaya ba ne. Ki dawo, ki gaya mini gaskiya kowace iri ce, mu zauna a kanta. Abin da ba zan iya ba shi ne zama da tambaya a ciki har tsufa.

Ko kallon kirki ban yi wa akwatin ba tun ranar, abinci kawai nake watsa musu in kau da kai. Yanzu da nake rubutun nan idona ya sauka a sahun gaba, wurin waɗanda aka yanko aka sake dasawa. Wasu daga cikinsu sabon tohonsu ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiya, ya fara nufar ƙasa sannan ya juyo sama. Ban taɓa ganin haka a aikina ba. Ko wani gurɓataccen taki ya kawo daga shagonsa ya zuba mini? Ga gwanin naki nan, aikinsa ya fara nuna hali. Bari in ajiye biro in ciro ɗaya, in sa miki a ambulan, ki kai masa ya yi miki bayani.

Na dawo. Ki yi haƙuri da tabon da ke jikin takardar, hannuna da ruwa.

A juye aka dasa ta, masoyiyata. Kanta a cikin yashi, gindinta a sama.

Kowane kara yana da sama da ƙasa. Ganyensa sama yake ɗaga hannu, idon toho kuma a hammatar ganye yake zaune, a saman gaɓa. Mai sana'a ko an rufe masa ido da yatsa yake ganewa. Kuma mu kan tsiron kawai muke dasawa, tsakiyar mu zubar. Wannan kuwa dogon kara aka yanka gida uku, ba a yarda ko guntu ya tafi a banza ba. Na ciro guda bakwai na jera a kan teburinki, tsawonsu ɗaya kamar an auna da tef, kuma auna su ɗin aka yi. Uku a cikinsu a juye suke, shi ya sa tohon ya fito ya rasa hanya, sai da ya yi kwana ya nemo fitila. Dogo yana da aibu da yawa, na fi kowa sanin su, amma ko a mafarki ba zai dasa tsiro a juye ba. Na sauko da almakashin daga ƙusa na kai hanci. Man keke. Babu mai kifin da zai shafa wa almakashi mai alhali cikin ruwa zai koma, tela ce kaɗai ba ta iya rataye almakashi ba ta ɗiga masa mai a gaɓa ba. Na leƙa bayan akwatin ta jikin bango, ga guntun zare ruwan toka manne da salatef a kusurwa, daidai tsayin askin. Zare kika ɗaura kika zagaye gilashin, kika bi shi da almakashi kamar kina daidaita bakin zane. Irinsa yana nan a kan kekenki, na ɗaga lulluɓin na gani.

Na zauna a ƙasa. Na tambayi kaina, to rage taki bayan aski fa, da zurfin ƙwaya, da cire ganye daga tushe, a ina ta koya? Daga bakina. Shekara shida ina surutun Lahadi ina zaton da kifi nake magana. Ashe in keken ya yi shiru ba zare ne ya tsinke ba, saurarona kike yi. Duk abin da na taɓa faɗa kin riƙe shi, ba ki zubar da ko ɗaya ba. Abu guda ne ban taɓa faɗa da baki ba, sama da ƙasan kara, domin ban taɓa zaton akwai mai bukatar a gaya masa ba. Shi kaɗai kika kuskure.

Waccan Talatar ashe hannunki yana cikin ruwan da kike ƙyama har kafaɗa, awa uku, katantanwa tana bin yatsunki. Ranar dawowata da kike ta tambaya, so kike tsirran su sami kwanakin murmurewa kafin in gani. Jar ciyawar kuma, sau nawa na tsaya a gaban akwatin nan na ce saura ja kawai ya cika, amma ko zan mutu ba zan taka shagon can ba? Kika taka mini shi. Kika shiga wurin da kika san ba na so, kika sayo mini abin da girman kai ya hana ni, kika riƙe shi a ciki ba ki faɗa a waya ba don ki ga fuskata. Kin kuwa gan ta. Kaicona da wannan fuska.

Ciyawar ta ruɓe a bokiti, jiya na zubar da ita, ba abin da ya tsira. Wannan ba zan iya gyara shi ba.

Na ɗauki shafukan farko zan yage, in sake sabuwar wasiƙa mai tsabta wadda Yaya za ta karanta ta ce yaron nan ya yi hankali. Na fasa. Ki karanta su yadda suke, da kofunan da na ƙirga da tawul ɗin da na tuhuma, domin wannan shi ne mutumin da kike aure, ba wanda zan zana miki ba. Kuma bari in gaya miki wanda ya fi su muni. Dogo goma-goma yake ɗaure ciyawarsa, tun muna tare haka yake yi. Da zan zubar da bokitin na ƙirga, sha biyu ne. Wa ya ƙara biyu, kuma don me? Kin gani ko? Yanzu-yanzu, kunya ta rufe ni har ba na iya kallon kekenki, amma can ƙasan zuciyata wani abu yana ƙirga kara. Wannan ciwona ne, ba naki ba. Na rubuta shi a nan don ki san ban warke ba, kada ki dawo a kan alƙawarin ƙarya. Abin da zan iya yi miki alƙawari shi ne bakina ba zai taɓa tambayarki su ba, kuma duk ranar da irin wannan ya taso mini, a kaina zan fara neman laifin kafin in ɗago ido in dube ki.

Da kaina zan kawo wasiƙar nan in miƙa wa Yaya a bakin ƙofa, ba zan nemi shiga ba. Ranar Asabar in motar ta zo ba zan kulle gida ba, ba zan yi gardama da kowa ba. Ni zan sauko da keken a kafaɗata, don kada a buga shi da bango a kwanar bene. Abu ɗaya nake roƙo, ya ke wadda ta ji ni shekara shida alhali ni ban iya jin ta minti ɗaya ba: ki shigo motar ki zo. Ki hau benen, ki tsaya inda kika tsaya ranar, ki dube ni ki sake faɗin kalmomin nan uku da na yi wa dariya. Wannan karon zan yi shiru in ji. Bayan haka duk abin da kika yanke a kaina daidai ne, ko da keken zai sauka.

Naki jiya, naki yau, naki har iya numfashin da ya rage mini, ko kin zauna ko kin tafi,

Mijinki,
Mai Kifi